Tantin da Magaji Ya Kawo Daga Ramin Zinari

Gwaggo Sahura, don girman Allah ki taimake ni, kada ki sa wasiƙata a layin sai wani mako, domin abin da ke gabana ba zai jira ba. Asabar ta sama mata za su tashi zuwa roron wake, ni kuma har yanzu ban san abin da zan ɗauka mu kwana a ciki ni da yarana biyu ba. Na san idan kika ga maganar tanti za ki ce wannan ai tambayar 'yan kasuwa ce, ba ta filinki ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe. Rubutuna na makarantar manya ne, ki yi haƙuri da shi.

Ni 'yar Yargalma ce, can aka haife ni, can aka yi mini aure. Daga baya muka koma wani ƙauye a yankin Gwashi, inda maigidana ya gaji gona ta wajen Innarsa. Shekara uku ke nan da muka baro can muka shigo Bukkuyum, ba sai na gaya miki dalili ba, duk mai kunne a Zamfara ya sani. Ɗaki ɗaya muka kama a wani gidan haya a bakin gari. Mu bakwai ne masu ɗaki a gidan, kowa da ƙauyen da ya baro, kowa da abin da ba ya son a tambaye shi. Ana gaisawa, ana aron gishiri, iyakarta ke nan.

Mu mun taho, gona tana can. Bana maigidana ya yi ta maza, ya bi sauran mazan ƙauyenmu suka shiga suka shuka gero da wake, su yi kwana biyu su fito. Cikin watan Agusta babur ya kayar da shi a hanyar dawowa, cinya ta karye. An yi ɗori bai kama ba, aka sake wani. Yanzu yana kwance, daga tabarma sai bakin ƙofa, shi ma da jan jiki. Ƙaninsa Magaji ya zo ya yanke mana geron ya fito da shi, Allah ya saka masa da alheri, amma ya koma bakin aikinsa. Saura wake. Waken nan kuwa, Gwaggo, shi ne cefanenmu, shi ne sabulunmu, shi ne maganin ƙafar nan. Waɗanda suka leƙa sun ce ya bushe har ya fara tsagewa yana zuba ƙasa.

Wata dattijuwa 'yar ƙauyenmu, Fatsuma, ita ke haɗa mata a tafi tare. 'Yan kabu-kabu za su kai mu bakin rafi, daga nan ba wanda ke yarda ya shiga da babur ɗinsa, sai mu taka da ƙafa. Ga mai yara tafiya ce daga hantsi zuwa azahar. Kwana huɗu za mu yi. An ce an yi sulhu da mutanen daji har a gama kaka. To, na sha jin sulhu. Fatsuma ma ba ta yarda da shi ba, shi ya sa ta kafa dokarta: ba a kwana a kangon ƙauye, ba a kafa bukka, ba a kwana wuri ɗaya sau biyu. Gari na wayewa kowa ta naɗe kayanta, in an gama roron ranar a matsa wani gefen. Da can muna da bukkarmu a gonar, mai kyau, har da 'yar rumfa a gaba, yanzu toka ce. Ke nan duk abin da zan kwana a ciki sai wanda zan iya ɗauka a kaina, tare da jarkar ruwa da gumba da 'yar tukunya.

Yarana biyu ne. Rumaisa shekararta biyar. Khalilu biyu da wata uku, ban daɗe da yaye shi ba, ko bayi zan shiga yana riƙe da bakin zanena. Maigida ya ce in tafi da su duka, wai shi da ke kwance ina zai iya da yara, kuma ai sauran mata ma da nasu suke zuwa. Gaskiya ne, suna zuwa da su. Ni ma ban taɓa barin su da shi ba ko na yini ɗaya, tun yana da ƙafafunsa, shi kuma bai taɓa cewa in bar su ba. Kasuwa, biki, asibiti, duk ina jaye da su.

Na fara gwada tampol shuɗi da aka raba mana lokacin da muka shigo gudun hijira. Na naɗe shi na aza a kai, na goya Khalilu, na ce bari in je famfo in dawo in gani. Kwana biyu wuyana bai juyu ba. Ga shuɗin nan nasa da ake hangowa daga nesa kamar an kafa tuta, ga zafi idan rana ta bugi bayansa. Na ajiye.

Ranar kasuwa kuma wani mai kayan gwanjo da ke zuwa daga Gummi ya nuna mini wani ɗan tanti mai siraran sanduna da ke lanƙwasawa, da zif, da raga ta shan iska. Ya warware shi a gabana kamar mai rufa-ido, kafin in ƙifta ido ya tsaya da kansa. Bai kai nauyin kwanon gero biyu ba. Ja ne da ruwan ɗorawa. Zif ɗin ya maƙale sau biyu a hannun mai kayan, ya ce wai sabunta ce. Gwanjo da sabunta, kin ji fa. Amma raina ya biya, don na ga babu ta inda kunama za ta shiga. Sai dai kafin in saye shi sai na sayar da akuyata, ita kaɗai ta rage mini, kuma ciki gare ta.

Ana cikin haka Magaji ya leƙo duba ɗan'uwansa, ya ji ina maganar. Shi aikin zinari yake yi can wajen Anka, a gefen injin da ke niƙa dutse yake zaune wata da watanni. Bayan kwana biyu sai ga shi da nasa tantin a bayan babur. Launin ƙasa ne, ba nauyi, gindinsa a ɗinke, zif lafiya lau, ya fi na mai gwanjon nesa ba kusa ba. Ya yi ta yi mini tsiya irin ta ƙanin miji, wai na zama Baturiya mai yawon shan iska, saura baƙin tabarau. Na yi dariya, na yi godiya, na sa masa albarka. Wallahi tallahi a lokacin ban kawo komai a raina ba, murna kawai nake yi akuyata ta tsira.

Washegari da hantsi na fito da shi tsakar gida, na sa sanda na kaɗe shi yadda ake kaɗe tabarma. Ƙura ta tashi, na kau da fuska na ci gaba. Na kafa shi don in koyi yadda ake yi, yara suka ruga ciki suna ihu, har da 'ya'yan maƙwabta. Khalilu yana birgima a ciki da ƙosai a hannunsa, ya faɗi ya ɗauka ya kai baki. Na bar su na tafi ɗebo ruwa. Da na dawo zan naɗe shi, na sa yatsa a ɗinkin kusurwa, sai na fito da wani gari mai laushi, toka-toka, mai ɗan ƙyalli. Na san garin nan, Gwaggo. Na zauna daɓas a ƙasa.

Bari in gaya miki inda na san shi. A shekarar 2010, shekarar da dalma ta cinye yara a Yargalma, maigidana yana kawo dutsen zinari a buhu, ni nake dakawa a tsakar gida, a turmin da nake daka hatsinmu. Kowane gida haka ake yi. Har mun rufa ɗaki da kwano a shekarar, ina ta jin kaina a cikin mata. Ɗana na fari yana goye a bayana ina daka, in ya gaji in sauke shi ya zauna gindin turmi yana wasa da garin, ina jin daɗi ya yi shiru ya bar ni in yi aiki. Shekararsa biyu. Ya fara da amai, sai jijjiga, sai idanu suka kafe. Muka ce iska ce, aka yi turare, aka ba shi rubutu. Kafin likitoci su iso garin su ce gubar dalma ce a cikin dutsen, an riga an kai shi makwancinsa.

Zakariyya sunansa. Kin san al'adarmu da ɗan fari, ban taɓa kiran sunan da bakina ba yana raye, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ranar da ya rasu ma Innata ta matse mini hannu ta ce in haɗiye, ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban surukai. Na haɗiye. Yau ne karo na farko da na rubuta sunansa, kuma na daɗe ina kallon rubutun. Shekara goma na yi bayansa ban sake riƙe rayayye ba, ɓari biyu, kafin Allah ya kawo Rumaisa.

Ni da maigidana ba mu taɓa zama mun yi maganar nan ba, ko sau ɗaya. Da na shiga na gaya masa akwai garin dutse a tantin Magaji, sai ya juya fuskarsa bango. Ya ce kowa da kwanansa, ya ce na cika tsoro, in wanke shi da omo shi ke nan. Ya ce kuma ba da yawunsa za a mayar wa ƙaninsa kyauta ba, mutumin da ya bar aikinsa ya shiga daji ya yanke mana gero. Magana ta zo mini har baki, mai zafi, wadda in na faɗa ba za ta komu ba. Na fita na bar masa ɗakin.

Na cusa tantin a buhu na tura ƙarƙashin gado. Na yi wa yaran wanka har Khalilu ya yi kuka, na share tsakar gidan tas da tsintsiya. Ban gaya wa matan gidan komai ba, ina jin kunya, ina kuma tsoron abin da za su ce tunda nasu ma sun shiga. Kwana biyar ke nan. Khalilu yana ci, yana wasa, amma ina bin sa da ido kamar mahaukaciya. Jiya ya ture tuwo ya ce ba ya ci, na ji duniya ta juya mini, ashe ƙosai ya gani a hannun yayarsa.

To, Gwaggo, ya zan yi? In wanke na Magaji in tafi da shi kamar yadda maigida ya ce? In sayar da akuya in sayi jan nan mai zif ɗin sabunta? Ko in rufe ido in ɗauki tampol, wuya ya karye in ya ga dama? In kuma mayarwa zan yi, da wane baki zan gaya wa Magaji bai ji na raina alherinsa ba? Idan ban je ba wake ya zube, ban san me za mu ci ba kafin wata damina. Idan na je, ga ni zan sake jan ƙananan yara zuwa inda nake neman abinci. Na taɓa yin haka sau ɗaya, kin ji yadda ta ƙare. Tsoron kaina nake ji, ban ƙara yarda da hankalina a kan 'ya'yana ba. Ki faɗa mini abin yi, ko mai ɗaci ne zan sha.

Taki,
Mai Roron Wake, Bukkuyum

AMSA

'Yata Mai Roron Wake, na karanta wasiƙarki sau biyu, na kuma tsallake da ita gaban wasu saboda Asabar ɗin nan taki. Allah ya sa Zakariyya mai ceto ne. Na kira sunansa da gangan, domin yaro ne da aka haifa aka raɗa masa suna, kuma uwarsa tana da ikon ta yi kukansa ko bayan shekara goma sha biyar ne.

Mu fara da abin da ya fi gaggawa, kuma ba wake ba ne. Gobe da safe ki ɗauki Khalilu da Rumaisa ki kai su asibiti, ki ce kina son a gwada jininsu saboda dalma, ki faɗi abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye. Ban san ko ana yin gwajin a garinku ba. In ba a yi, ki nace su gaya miki inda ake yi, ko Anka ne ko Gusau. Kada ki jira sai kin ga alama, domin dalma tana iya zama a jinin yaro yana ci yana wasa. Ba ina cewa ta kama su ba. Wasan hantsi ɗaya ba daidai yake da watannin da aka yi ana daka a tsakar gida ba, kuma ba kowane dutse ne ke ɗauke da dalma mai yawa ba. Amma ido ba ya bambancewa, naki ko nawa, gwaji ne kawai zai kwantar miki da hankali. Kafin nan kada ki bar su da yunwa, cikin da ba komai ya fi saurin jan gubar. Ki ba su wake, zogale, nono in ya samu, ki kuma wanke musu hannu da sabulu kafin kowane ci.

Sharar da kika yi da tsintsiya kuskure ne, ta ƙara watsa garin. Ki yayyafa ruwa a inda kika kaɗe tantin har ƙasar ta jiƙe, ki kankare samanta da fartanya, ki zuba a buhu, a binne nesa da rijiya da wurin wasan yara. Ƙarƙashin gadon ma ki goge da jiƙaƙƙen tsumma ki jefar da tsumman. Wannan aikin ba zai yiwu a ɓoye ba, kuma bai kamata ya yiwu ba. Ki tara matan gidan ki gaya musu yau. 'Ya'yansu sun shiga tantin, hakkinsu ne su sani. Wata za ta yi faɗa, ki shanye, da gaskiyarta. Faɗan yini ɗaya ne.

Tantin Magaji kuwa, ba za ki kwana a cikinsa ba, yara ba za su ƙara taɓa shi ba. Omo ba ya fitar da garin da ya yi watanni yana shiga ɗinki, ruwan wankin ma a tsakar gidanku zai tsaya. Kada ki ƙone shi, hayaƙin ma guba ne. Ki ɗaure bakin buhun, ki fitar da shi daga ɗakin kwana, Magaji ya mayar da abinsa inda ya fito. Maigidanki yana da gaskiya a abu ɗaya: Magaji ya yi muku halacci, kuma da zuciya ɗaya ya kawo. Saboda haka kada ki yi masa ƙarya, kada ki ce ya yi ƙanƙanta ko kin sami wani. Ki buɗe masa ɗinkin ya ga garin da idonsa. Wanda ya shiga daji domin geronku ba zai so ya zama sanadin ciwon ɗan yayansa ba. Ki ƙara masa da cewa ya riƙa wanka ya sauya tufafi kafin ya shigo cikin iyali, naku ko nasa. In ya ɗaure fuska na mako biyu, ya ɗaure.

Akuyarki ta zauna. Zif ɗin da ya ƙi mai shi a tsakiyar kasuwa ba zai yi miki biyayya a gona ba, kuma tanti mai ƙofa ɗaya da zif mai maƙalewa ba abin shiga ba ne a inda mutum zai iya bukatar fita da sauri. Jan launi da ruwan ɗorawa kuma na masu son a gan su ne. Siraran sandunan nan idan ɗaya ta karye, kin koma ɗauke da tsumma. Ki tambayi kanki me kike gudu a gona a wannan lokacin. Ruwan sama ya ɗauke ko ya kusa. Abin da ya rage raɓa ce, da sauro, da kunama, da sanyin asuba. Ki sa almakashi ki yanki tampol ɗin nan naki daidai tsawonki da faɗin mutum biyu, ya zama shimfiɗa, tabarmar leda ko tsohon zane a kansa ya rufe shuɗin. Ki ɗauki gidan sauro, ki cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗar ta kowane gefe, ba abin da zai rarrafo ciki. A sama ki yafa tsohon bargo ko zane mai duhu saboda raɓa. Sanduna ba sai kin ɗauka ba, kara yana nan a gona, igiya kawai za ki riƙe. Kada ki kunna maganin sauro ko wata wuta a ciki. Ki haɗa kayan duka da ruwan da abincin, ki zaga da su unguwa na awa ɗaya kafin ranar, abin da ya gagare ki a gari ki sauke shi tun a gida. Ki tuna kuma da buhun wake za ki dawo.

Ba zan ce miki kada ki je ba, don ba ni zan ciyar da ku ba, kuma na san abin da rumbun da ba komai yake yi wa gida. Amma ki tambayi Fatsuma ko akwai waɗanda za su rore miki naki a raba. Rabin wake a hannu ba asara ba ce. In babu, ki bi su, ki bi dokarta sau da ƙafa, in kuma kun isa bakin rafi aka ji labarin da bai yi daɗi ba, ki juyo ko da sauran sun wuce.

Yanzu ga mai ɗacin da kika ce za ki sha. Kada ki tafi da yaran. Ina ta lissafa miki nauyin shimfiɗa da gidan sauro, alhali nauyin gaske su ne. Bayanki ɗaya ne, 'yata. Idan gudu ya kama, Allah ya kiyaye, za ki goya Khalilu, Rumaisa kuma 'yar shekara biyar sai ta bi ki da ƙafarta a cikin kara da ƙaya. Babu tantin da aka ɗinka da zai gyara wannan. Sauran mata suna zuwa da nasu domin ba su da inda za su bar su. Ke kina da shi. Ubansu yana gida, ƙafarsa ce ta karye, idonsa da bakinsa lafiya suke. Cikin matan gidan nan shida ki nemi ɗaya ta riƙa dafa musu ta yi musu wanka, ki saka mata da wake in kin dawo. Khalilu zai yi kuka ranar farko, zai yi rana ta biyu, sannan ya haƙura.

Kin ce ba ki ƙara yarda da hankalinki ba. Ni na yarda da shi. A 2010 ba ki sani ba, ba wanda ya sani a garinku, malamai da dattawa ma iska suka ce. Wannan karon yatsanki ya taɓa garin kika gane shi nan take, kika raba yara da shi, kika ƙi bin umarnin da kika san ba daidai ba ne. Kin yi kuskuren kaɗewa da na shara, kin kuma tsaya tun abin bai yi nisa ba.

Saura maigidanki. Kin ji haushinsa da ya juya fuska bango, kuma ban ga laifinki ba. Amma ki duba da kyau. Ke kike cewa ke kika daka. Wa ya kawo dutsen a buhu? Shekara goma sha biyar kina ɗauke da rabinki ke kaɗai, kina zaton shi ya sauke nasa a kan ƙaddara. Ina jin bai sauke ba. Mutumin da bai taɓa cewa a bar masa 'ya'yansa ko na yini ɗaya ba, tun yana da ƙafafunsa, ba lallai ƙyuya ce ke damunsa ba. Zai yiwu shi ma tsoron kansa yake ji, irin wanda kike ji, kuma idan ya yarda garin tantin nan guba ne, sai ya yarda da abin da ya shigo da shi gidansa da hannunsa. Ban san shi ba, zan iya yin kuskure. Ke ce za ki gano.

Ki sami lokaci da rana, yara suna waje, ki zauna kusa da tabarmarsa ki gaya masa abin da kika gaya mini, ba da zafi ba, ba kuma tare da neman mai laifi ba. Wataƙila ya sake juya miki baya. Ki bar shi ya juya, kunnensa yana ji, ki ƙarasa maganarki. Sannan ki ce masa ranar Asabar za ki bar masa Rumaisa da Khalilu, domin duk duniya ba ki da wanda kika fi yarda ya riƙe su sai shi. Ina zaton tun rasuwar ɗanku ba wanda ya gaya masa haka.

Allah ya sa gwajin ya fito da alheri, ya ba maigida lafiyar ƙafarsa, ya tsare hanyarku ke da Fatsuma da sauran matan. Allah ya dawo da ke ki tarar da su ukun suna jiranki a bakin ƙofa.

Gwaggonki,
Sahura